Saƙon Godiya Bayan An Sallami Ƙanena Daga Asibiti

Alhamdu lillahi, an sallami ƙanena, ya dawo gida yana numfashi ba tare da taimakon na'ura ba. Ga waɗanda ba su bi lamarin tun daga daren farko ba, asma ce ta taso masa da ƙarfi bayan ya sha wani maganin gargajiya na ciwon baya.

Godiyata ta farko ga maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ce, wanda na buga wa ƙofa cikin tsakar dare, ya fito ko takalmi bai tsaya sakawa ba. A hanya ƙirjin ƙanena yana ƙara kamar usur, leɓɓansa sun fara yin duhu, ba ya iya haɗa kalma biyu, ni kuwa babu abin da ke fita daga bakina sai salati. Wannan bawan Allah ne ya riƙa cewa in tallafe shi a zaune, kada in bari ya kwanta, har muka isa. Washegari da na miƙa masa kuɗi, sai ya ce in ƙara a na magani. Allah Ya albarkaci sana'arsa, Ya raya masa zuri'a, Ya tsare shi daga sharrin hanya.

Ina kuma gode wa likitar da ta sa aka kawo mata kwalbar maganin ciwon bayan da aka ba shi, ta gano an jiƙa saiwoyin da barasa. Shi bai ji warin ba, domin tsiron naman da ke hancinsa ya daɗe da raba shi da jin ƙamshi. Mun san asfirin, ibuprofen da diclofenac suna tayar masa da asma, amma ita ce ta bayyana mana cewa asmar, tsiron hancin da rashin jituwa da waɗannan magunguna cuta ɗaya ce, wadda ake kira da sunan likita Samter da ya yi bayaninta a 1968. Ta ce wani bincike a Amurka a 2014 ya nuna kusan uku cikin huɗu na masu ita barasa tana toshe musu hanci, kusan rabinsu kuma tana kama musu ƙirji, sau da yawa bayan 'yan kurɓi kaɗan. Allah Ya ƙara mata ilimi mai amfani.

Inna da Kawu da suka yi ta kwana a baranda, da ma'aikatan jinya na dare, Allah Ya saka muku da Aljannar Firdausi, Ya jiƙan mahaifanku. 'Yan'uwan da ba su sami zuwa ba, amma labarin wai ya sha giya ya riga mu isa wurinsu, ina fatan wannan bayani ya wadatar da su.

Wata mai zuwa za a duba batun yi masa aikin hanci. Muna roƙon ku ci gaba da saka shi a addu'a.