Igiyar takalmin da ba ta kwance ba

Ranar da na fara fita gudu ban kai minti biyar ba. Na fito da sassafe sanye da sabon takalmi, na zuba a guje kamar wanda kare ya biyo. Kafin in sha kwana ta biyu ƙirjina ya ɗau zafi, bakina ya bushe, wani abu ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Dole na ja birki. Sai ga wani mutum tafe daga nesa. Maimakon in tsaya in yi hakina kamar kowane ɗan adam, sai na durƙusa na kama igiyar takalmi ina kwancewa ina sake ɗaurewa, alhali lafiyarta ƙalau. Na gama da ta dama, na koma ta hagu, har ya zo ya wuce. Bawan Allahn nan ko kallona bai yi ba.

Ƙannena maza da mata, da wannan durƙuson na fara muku domin kusan duk ɓarnar da na yi wa jikina a shekarar farko daga nan ta samo asali. Kunya nake ji a gan ni ina gudu a hankali. Kunya nake ji a gan ni ina tafiya bayan na fito da shirin gudu. A tunanina, duk wanda bai jiƙe sharkaf da zufa yana haki ba, wasa ya fito yi.

Abin da ba a gaya mini ba, ko kuma aka gaya mini na toshe kunne, shi ne gudun mai koyo sassarfa ce. Sassarfa sosai, irin wadda mai saurin tafiya zai iya jerawa da kai. Ma'auninta ba ya buƙatar agogo: in kana cikin gudu ka iya yi wa na kusa da kai magana, jimla guda cikakkiya, ba tare da numfashi ya datse ka ba, to daidai kake. In kuwa kalma ɗai-ɗai kake fizgowa, ka yi yawa, sai ka sassauta. Ko kai kaɗai ne za ka iya gwadawa. Ni har yau nakan ƙirga ɗaya zuwa goma a bayyane in ji yadda numfashina yake. Za ka ji kamar ba abin da kake tsinanawa. Haka na ji, shi ya sa na raina ta.

Ban daina raina ta ba sai da na gane gwanayen ma haka suke yi. A shekarar 2019, a birnin Vienna, Eliud Kipchoge na Kenya ya gama gudun fanfalaki, wato kilomita 42 da mita 195, cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. In ka raba, kowace kilomita kusan minti 2 da daƙiƙa 50 ke nan. Amma masu nazarin horon 'yan gudun nesa, irin su Stephen Seiler, sun nuna cewa wajen kashi 80 cikin 100 na atisayen irin waɗannan gwanaye a hankali ake yin sa, tsananin ɗan kaɗan ne. To mutanen da gudu ne sana'arsu suna lallaɓawa, ni da jiya-jiya na tashi daga kan kujera, wa nake son burgewa?

Ita ma tafiya a tsakiyar gudu ba gazawa ba ce, cikin darasin take. Akwai tsarin da wani Ba'amurke, Josh Clark, ya fitar a 1996, ana ce masa Couch to 5K, wato daga kan kujera zuwa kilomita 5. Hukumar kula da lafiya ta Birtaniya ma ta ɗauke shi tana koya wa jama'a. Mako 9 ne, fita uku a mako, da ranar hutu a tsakani. A makon farko za ka yi tafiya mai sauri ta minti 5 don jiki ya ɗumama, sannan gudu na daƙiƙa 60, tafiya ta daƙiƙa 90, haka-haka har minti 20. A mako na ƙarshe ne ake kai wa gudun minti 30 ba tsayawa. In wani mako ya yi maka nauyi, ka maimaita shi, ba mai cin ka tara. Lokacin da na fara cin karo da tsarin nan tsaki na yi. Daƙiƙa 60? Na ce wannan ai na tsofaffi ne.

Sai na shata nawa tsarin: kullum, ba fashi, kuma yau sai ta fi jiya. A nan tarkon yake, don da farko abin ya yi kamar yana tafiya daidai. Cikin mako biyu zuwa uku hakin ya ragu, na fara jin ni wani ne. Ashe sassan jiki ba tare suke sabawa ba. Zuciya da huhu da tsoka suna saurin karɓar sabon aiki, cikin 'yan makonni za ka ga canji. Ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, su sai an ɗauki watanni. Duk takun gudu ɗaya, ƙafa tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu zuwa uku, kuma a kilomita guda mai sassarfa yakan yi taku wajen dubu. Wannan dukan da kansa ba illa ba ne, shi ke sa ƙashi ya ƙara ƙwari, amma a ranar hutu ake yin gyaran. Ni kuwa na soke ranar hutu. Ƙirjina na cewa a ƙara, ƙafafuna na cewa a dakata, na bi ta ƙirji.

Ciwon ya fara ne a gefen ƙwaurin hagu, ta ciki. Da farko in na fara gudu sai ya lafa, sai na ce ai shi ke nan. Daga baya ya daina lafawa. Na shafa man zafi, na haɗiyi maganin ciwo na fita, kuma wannan ita ce wautar da ta fi kowace, don maganin bai gyara komai ba, bakin mai gargaɗi kawai ya toshe. Wata safiya na sauko daga gado, ina dora ƙafar a ƙasa sai da na dafa bango. Likitan da na gani bai yi dogon bayani ba. Ya ɗora babban yatsansa a kan ƙashin yana bi a hankali daga sama zuwa ƙasa yana dannawa. Nan? A'a. Nan fa? A'a. Da ya iso wani ɗan wuri da bai fi faɗin kan yatsa ba, ban san lokacin da na fizge ƙafar ba. Ya ɗago kai ya tambaye ni sau nawa nake hutawa a mako. Na yi shiru. Hoto ya nuna ƙashin ya fara tsagewa saboda yawan duka. Wata biyu cur ban sake gudu ba. Garaje dai ba ƙarfi ba ne.

Don haka ku koyi bambanta ciwo biyu, domin jiki magayi ne ga mai saurare. Akwai tsamin jiki na sabon shiga: yakan kama ƙafafu biyu tare, a cinya ko sha-raɓa, ya bazu ba a wuri guda ba, ya fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye, sannan ya saki. Wannan ba abin tsoro ba ne. Wanda za ku ji tsoro shi ne ciwon da ke wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, wanda ke ƙaruwa kana cikin gudu, ko ya sa ka ɗingishi, ko ya hana ka barci. In ka ji irin wannan ka tsaya a ranar, kada ka ce bari in ƙarasa. Hutun kwana uku da na ƙi ɗauka shi ne ya zama wata biyu.

Za ku ji ana cewa kada ƙarin da za ka yi a mako ya wuce kashi 10 cikin 100 na makon jiya. Ba doka ce da ba ta tashi ba, kuma jiki ya bambanta, amma hankalin da ke cikinta daidai ne. Abin da na fi riƙewa shi ne kada a ƙara abu biyu lokaci guda. In ka ƙara nisa, bar sauri yadda yake. Shi saurin ma, a watannin farko, ka manta da shi gaba ɗaya, da kansa zai zo. Kuma fita uku a mako ba kaɗan ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi. Wanda ke gudun minti 30 sau uku, ya ɗan taka a sauran ranaku, ya sauke nauyin.

Batun takalmi ba zan ja shi ba. Na ɗauki wanda ya kama ni cif-cif, ban san ƙafa takan ɗan kumbura a gudu ba, har farcen babban yatsana ya yi baƙi, daga baya ya fita. Ka bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin, ka gwada shi da safar da za ka riƙa gudu da ita, ka zaɓi wanda ƙafarka ta sake a ciki, ba wanda ya fi ƙyalli ba. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta Rum a 1960, amma kada wani ya ce na ce ya kwaikwaye shi. Shi ma da ya sake ci a Tokiyo a 1964, da takalminsa ya yi. Ƙannena mata kuma, rigar ciki mai riƙe ƙirji da kyau tana daidai da takalmi wajen muhimmanci.

Waya ma ta cuce ni, ko in ce na cuci kaina da ita. Na sa manhajar da ke auna nisa da sauri, na shiga duba na wasu da suka yi shekaru suna abin, in na ga an fi ni sai gobe in fita da fushi. Yanzu minti kawai nake dubawa. Minti 25 na fita ko ban fita ba? Iyakar tambayar ke nan.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna iya zama manya. In a gefen titi kake, ka fuskanci motocin da ke tahowa, kada ka ba su baya, kada kuma ka toshe kunnuwa biyu da abin saurare. Ka guji tsakar rana lokacin zafi, ka sha ruwa, in ka ji jiri ko kanka ya fara sarawa ka nemi inuwa. Mai ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga ko asma, da mai juna biyu, su fara ganin likita. Ciwon ƙirji ko suma a wurin gudu kuwa ba abin da ake daurewa ba ne, na asibiti ne nan take.

Da likita ya sallame ni, tsarin nan da na yi wa tsaki shi na koma na ɗauko, tun daga makon farko. Gudun daƙiƙa 60 na farko ya ƙare daidai inda wasu samari uku ke tsaye suna hira. Wallahi sai da na ji gwiwata tana neman lanƙwasa, idona ya sauka kan igiyar takalmi. Na yi musu sallama suka amsa, suka ci gaba da hirarsu. Ni kuma na wuce a ƙafa ina ƙirga daƙiƙa 90 ɗina.