Zangon masu keke a karkara: ƙasar da ta dace da kayan da ake buƙata

Burina a samu wani ɗan zango a karkarar Kano ko Jigawa, inda mutumin birni zai je ya yi kwana uku ko mako guda, ba abin da ya kai shi sai tuƙa keke, cin abinci mai kyau da barci da wuri. Ɗakuna huɗu ko biyar, ɓangaren mata daban, wurin sallah, rijiyar burtsatse da rumfar gyaran keke sun wadatar. Ginin ba shi ne mai wuya ba. Abin da zai raya wurin ko ya kashe shi, shi ne irin ƙasar da taya za ta taka da kuma lokacin da ake fita.

A fara da ƙasar. Yawancin arewacin Jigawa rairayi ne, kuma rairayi mai zurfi yana cinye ƙarfin mai keke a banza: tayar gaba ta nutse, kan keken ya karkace, sabon shiga ya faɗi ko ya sauka ya tura. Hanyar burji da ta daddale ita ce ta fi. Shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da yankin Kura, Garun Malam da Bunkure, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Hanyoyin gefen magudanan ruwa a shimfiɗe suke, ba hawa ba gangara sosai, manyan motoci kuma ba su cika binsu ba. Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari yana iya neman tudu a wajen Rano, ko tsakanin duwatsun Dutse da Birnin Kudu. Baturiya da ke fadamar Haɗeja wurin zuwa ce da hunturu, lokacin da tsuntsaye ke zuwa daga Turai, amma da damina ruwa kan rufe hanyoyin. Gargaɗi ɗaya ga duk wanda ya bi gefen ruwa: kada zufa ta sa ka faɗa magudana ko madatsa don wanka, can ake ɗaukar tsargiya.

Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara kan haura digiri 40, fita da rana a lokacin ganganci ne. A fita bayan sallar asuba da gari ya ɗan waye, a dawo kafin ƙarfe tara. Sai kuma bayan la'asar, a dawo kafin magariba. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, a rufe hanci da kyalle mai laushi, mai asma kuwa ya haƙura ya zauna.

Keken gargajiya irin Phoenix ko Raleigh, mai taya inci 28, yana da juriya, kuma duk mai gyaran keke a kasuwar ƙauye ya san shi. Matsalarsa nauyi da rashin giya. Keke mai giya da faffaɗar taya, inci 26 da faɗin kusan inci biyu, ya fi sauƙi a burji da rairayi, sai dai kayan gyaransa ba ko'ina ake samu ba, dole zangon ya ajiye nasa. Kowanne aka zaɓa, abu na farko shi ne tsayin sirdi, kuma nan mutane suka fi yi wa kansu illa. Ka hau, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, daidai ke nan. Sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa zai fara ciwo cikin 'yan kwanaki. Ya yi sama, ƙugu zai riƙa lilo hagu da dama, baya ya ɗauki ciwo.

Ƙaya ce babbar abokiyar gaba: tsidau a kan hanya, ƙayar aduwa da bagaruwa a gefen gona. Kowane keke ya fita da tub guda na ajiya, famfo, kayan faci da sifana. Bayan an cire tub ɗin da ya huje, a shafa cikin tayar da yatsa a hankali har a zagaye, domin ƙayar takan maƙale a ciki, ta sake huda sabon kafin a yi nisa. Wajen faci, a kankare wurin, a shafa gam, a jira kamar minti biyar ya bushe kafin a manna. Gaggawa a nan ce ke sa faci tashi. A rairayi a ɗan rage iska, amma ba har bakin ƙarfen ƙafar ya riƙa dukan dutse ba, don hakan na huda tub a wuri biyu. Sarƙa kuma ba a yi mata wanka da baƙin mai. Yana kama ƙura, ƙurar ta riƙa cin haƙoran. A goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a juya feda baya, a sake gogewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. A keke, minti 30 sau biyar ya cika ƙasan wannan ma'auni. Matsakaici na nufin kana haki kaɗan amma kana iya hira da na kusa da kai. Wanda ya daɗe bai hau ba ya fara da minti 15 zuwa 20, ya huta rana guda a tsakani, ya ƙara minti biyar kowane mako. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna. Mai suga ya riƙe dabino a aljihu saboda sugan kan faɗi a hanya.

Ruwa a sha rabin lita zuwa lita guda duk awa, ba sai ƙishirwa ta zo ba. Idan an yi zufa sosai, a haɗa lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jiri, ciwon kai ko tashin zuciya alama ce ta a tsaya a inuwa nan take. Kafin fita kunun gyaɗa kaɗan ya isa. Fura da nono sai an dawo.

Kafin a dasa ko turke ɗaya, sai an je gaban dagaci da mai unguwa. Hanyoyin nan na manoma ne da makiyaya, kuma su suka san inda ruwa ya zaizaye da inda garke ke ratsawa da safe. Ni da so samu ne, jagoran kowace tawaga ɗan garin ne, ana biyansa, mai gyaran keken ma haka, nono da gyaɗa kuma daga hannun matan ƙauyen za a saya. Tawagar kada ta wuce mutum takwas: jagora a gaba, mai kayan faci a baya, a rage gudu a bakin gari saboda yara da dabbobi, kuma ba a ratsa gonar kowa ko da an girbe ta.