Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Jika Goma Sha Huɗu da Sawun Barewa

A makon jiya na tsaya ne a daren da rediyo ya kawo labarin juyin mulkin Abijan, ranar 24 ga Disamba 1999, muna tsakiyar azumi. Kayana a ɗaure suke, da an sauko daga Idi zan bi yayyena biyu can, kamar yadda kowane ɗan Adar mai jini a jika yake yi da rani. Baba ya kashe rediyo ya ce, "Biyu sun isa. Kai kana nan sai ƙura ta lafa." Ban yi musu ba, amma ranar har aka buga gangar sahur idona biyu.

Abin da ke hannuna jika goma sha huɗu ne, wato sefa dubu goma sha huɗu, kuɗin da na tara a aikin albasa a Galmi, na ɓoye su don kuɗin mota. Tafiya ta fasa, hatsi ya shiga rumbu, ba aikin fari ba na baƙi. A cikin wannan zaman ne tsohon burina ya taso. Tun ina ƙarami, duk lokacin da Kawu, yayan Inna, ya zo Tahoua da warkinsa da layunsa da busasshen nama a burgame, nakan bi shi har bakin gari ina riƙe masa kwari. So nake in zama mahalbi, kuma a raina mahalbi shi ne wanda ya kada barewa.

Ran Lahadi, ranar kasuwar Tahoua, na shiga tambayar kuɗin bindiga a ɓoye. Ta bature ko kusa kuɗina ba su kai ba, ga kuma takardun mallaka da sai an bi hukuma. Wani tsohon maƙeri da na yi wa maganar irin tamu ta gida ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Wa ya aiko ka?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To koma gida." Da na faɗa wa Inna, ba ta yi faɗa ba. Ta ƙulla mini goro da sukari da ganyen shayi, ta ce, "Je ka wurin kawunka. In ya ga kana da rabo a daji, shi zai faɗa maka."

Bayan ƙaramar salla, cikin Janairun 2000, na hau motar 'yan kasuwa a kan hanyar da ta nufi Abalak da Agadas, na sauka gaba da Tabalak, na ƙarasa da ƙafa cikin hunturu. Na tarar da Kawu yana gyaran tsirkiya a gindin aduwa. Bayan gaisuwa na durƙusa na zube kuɗin gabansa, na ce, "Kawu, ga abin da na mallaka. A taimake ni da bindiga, ko tsohuwa ce." Ya ƙirga su a hankali, ya ware jika uku, ya tura mini sauran ya ce in ɗinke su a cikin rigata.

Da waɗannan jika uku muka yi sayayyar duk abin da na fara halbi da shi, har da canji. Takalmin taya, saboda ƙaya da ƙarangiya ba su san na kanti ba. Wuƙa ƙirar maƙeri da kubenta. 'Yar jarka da muka naɗe da buhu, in an jiƙa buhun ruwa ya yi sanyi har azahar. Sai matsefata ta cire ƙaya, wadda na raina a ranar, daga baya ta zama abin da ba na fita sai na shafa na ji tana wuyana. Kere kuwa Kawu ya saro mini a daji, baka tsohonsa ne ya ba ni aro, ƙyauron kibiya mu muka yanko. Har yau in saurayi ya ce mini rashin kuɗi ne ya hana shi koyon daji, nakan tuna wannan lissafi. Abin da ya ci mini tsada shi ne ƙafa da barci da haƙurin zama ƙarƙashin wani.

Sati uku na farko ban ja baka ko sau ɗaya ba. Aikina ɗaukar ruwa da bin bayansa, in sa ƙafa inda ya ɗauke tasa. Muna fita bayan sallar asuba, sanyi na yanka kunne, sai ya tsaya ya nuna ƙasa da baki, ya ce, "Karanta." Da farko yashi kawai nake gani. Sannu a hankali ya buɗe mini: ga zomo, ƙafafun baya sun faɗa gaban na gaba, ga yanyawa ta bi shi, ga garken zabin daji sun yi tono a gindin sabara, ga jan wutsiyar damo. Ya koya mini gane kwanan sawu. Na daren jiya bakinsa a tsaye yake, na shekaranjiya iska ta share masa baki, in kuwa ƙwaro ya ratsa ta kansa, to an daɗe da wucewa. Ya ba ni wani ɗan ƙunshin tsumma cike da toka, in kaɗa shi in ga inda ƙurar ta nufa. "Naman daji da hanci yake gani," in ji shi. "In iska ta fito daga bayanka, koma gida ka sha fura."

Akwai ranar da na yi tari muna dab da zabi, suka tashi fir. Bai ce mini kome ba. Ya zauna a gindin magarya, ni ma na zauna, muka yi shiru har rana ta take tsaka. Wannan shirun ya fi mini duka zafi.

Da dare, in an haɗa shayi, sai karatun ya koma wani fanni. Kawu bai yi zurfi a allo ba, amma hukuncin farauta a kansa yake kamar Fatiha. Ba a sakin kibiya ko kare sai da bisimilla. Abin da ka iske da sauran rai, ka yanka shi nan take. In ka raunana dabba, binta ya zama wajibi a kanka ko da za ka kwana a daji. Yakan maimaita abin da malamai ke karantawa a Risala, cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa halal ce. Dafin kibiya, wanda iyayensa ke haɗawa da kwankwani, ya ce ya bar shi, kuma bai taɓa nuna mini yadda ake yi ba duk da nacin da na yi.

Maganar doka a kasuwar Tabalak na fara jinta, daga bakin wani ma'aikacin gandun daji da suka saba da Kawu. Ya dube ni ya ce, "Sabon yaro ka samu, Baba?" Sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin dokar farauta ta ranar 29 ga Afrilu 1998: sai da takardar izini, akwai lokacin buɗewa da na rufewa, ba a farauta da fitila cikin dare, ba a korar dabba da mota, ba a sa guba ko wuta. Jimina da raƙumin dawa ba a taɓa su sam. Barewa ma tana cikin waɗanda doka ta sa wa kariya. Na ji maganar, amma gaskiya ba ta shige ni ba. A lokacin gani nake doka abin mutanen Yamai ne.

A sati na shida na kada zabona na farko, kuma da burtu na same shi. Wanda bai taɓa gani ba, kan tsuntsun nan burtu ne ake sassaƙawa da icce a sa masa baki, mahalbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa. Gwiwoyina sun sha ƙarangiya, bayana ya ƙage, amma na matsa har ina jin ƙananan kukan da suke yi wa juna. Na yi bisimilla na saki. Da na yanka shi hannuna rawa yake. Kawu ya ce a gasa a aika wa Inna, ni ko tsoka ban ci ba, don naman farko na uwa ne.

Daren nan na sake tada maganar barewa. Ya daɗe yana juya shayi kafin ya amsa. Ya ce yana yaro, a wannan dajin, garkensu akan gani kamar awakin gari, har da mariri, farin naman nan mai dogon ƙaho da Buzaye ke yin garkuwa da fatarsa. Farin 1973 ya ci, na 1984 ya ƙara, gonaki suka hau inda da makiyaya ce, sannan motoci da bindigogin zamani suka share abin da ya rage. Mariri dai a wannan shekarar ta 2000 masana suka ce ya ƙare a daji ko'ina a duniya, sai a 2016 aka soma maido shi a Chadi daga waɗanda aka kiwata. Kawu ya ce, "Barewa ba ta cikin lissafinka, ɗana. Amma gobe zan nuna maka abin da ban nuna wa kowa ba."

Tafiyar rabin yini ce arewa, wani kwari tsakanin tuddai biyu, cike da kandili da anza. Can ya nuna mini sawu siriri mai tsini, ya fi na akuya tsari, kamar an zana shi. Ya nuna mini tarin kashi a wuri ɗaya, inda namijin ke komawa kullum don shaida cewa wurin nasa ne. Muka kwanta bayan wata geza, iska na bugun fuskarmu, har la'asar sakaliya. Sai ga su. Uku ne: namiji mai kaurin ƙaho, babbar mace, da wata ƙarama. Jikinsu launin yashi, cikinsu fari fat, wutsiya baƙa tana kaɗawa ba hutawa. Suna tsintar 'ya'yan kandili da suka zubo, babbar har tana miƙewa kan ƙafafun baya ta kamo ganye. Kawu ya raɗa mini cewa suna iya yin watanni ba su sha ruwa ba, ɗanyen ganye ya ishe su. Ya ce babbar ciki gare ta, wata shida suke yi, kuma ɗa guda take haifa ta ɓoye shi a ciyawa. Shekara huɗu yana zuwa duba su, bai taɓa ɗora kibiya a tsirkiya ba.

Ni kuwa, Allah ya sani, ina kwance ina auna tazara. Ina lissafin cewa da burtu zan iya kaiwa ga namijin. Na koma da wannan niyya a ciki, na yi babbar salla a Tahoua a tsakiyar Maris da ita, na dawo da ita.

Kwana biyu da dawowata muka sake nufar kwarin. Tun kafin mu gangara Kawu ya tsaya cik. Sawun taya ne, faffaɗa, na mota mai shiga yashi, ya yi da'ira, ya sake yin da'ira, ya tattake anza ya karya rassan kandili. A tsakanin da'irorin ga sawun barewa, tsalle mai nisa da farko, sannan yana gajarcewa, yana gajarcewa, har inda ƙafafun suka soma ja. Karatun da ya koya mini na sati tara, ranar na yi shi ba tare da ya ce "karanta" ba, kuma na so a ce ban iya ba. Da dare suka zo, da fitila, suka kore su har suka gaji. Kwanson harsashi ja warwatse a yashi, na tsinci goma sha ɗaya. A gindin wata aduwa suka feɗe biyu suka bar kayan ciki, ƙudaje sun rufe. Kawu ya sa sanda ya buɗa ɗaya tarin, sai ga ɗan tayin, ƙafafunsa a naɗe, kofatansa ba su fi ƙumbata ba.

Abin da ya fara zuwa mini fushi ne irin na wanda aka riga, wai sun ɗauke mini namijina. Sai na dubi Kawu. Ya durƙusa yana haƙa rami da wuƙarsa, hawaye na bin gemunsa, mutumin da aka ce ko ranar da ya binne ɗansa na fari ba a ga hawayensa ba. Kunya ta rufe ni. Na durƙusa na sa hannu muka haƙa tare, muka rufe ɗan tayin, ya ɗora dutse saboda dila.

Ya karɓi kwanson harsashin ya ƙulle a bakin rawaninsa, ya ce ranar kasuwa za mu kai wa mutumin gandun daji. Sannan ya shiga zagaya kwarin, kansa a ƙasa, ni ina biye. A can gefen tudun arewa, inda duwatsu suka hana mota hawa, ya nuna da baki. Sawu ɗaya ne, ƙarami, ya haura, ƙafar baya ta hagu ba ta taka ƙasa sosai, ga ɗigon jini nan da can.

"Ƙaramar ce," in ji shi. "Ruwa nawa ya rage a jarka?"

Na girgiza ta na ce ya kai rabi.

"Ajiye bakan a nan. Ɗauko igiya."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.