Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Tsakanin Gado da Bayi

Assalamu alaikum masu bibiya. Makon jiya mun tsaya a inda aka mayar da ni ɗakin masu karaya na asibiti. Yau zan ajiye labarin kaina gefe, don ba a fahimtar aikin wannan ɗaki sai an san abin da ke kawo tsofaffi cikinsa.

Da yawansu ba mota ce ta buge su ba. A gida suka faɗi, galibi da dare ko da asuba, a hanyar bayi ko wurin alwala. Dattijo ya daɗe a kwance, fitsari ya matse shi, ya miƙe zumbur. Jini ya taru a ƙafafu bai isa kai da wuri ba, sai jiri ya kwashe shi. Ana gane wannan da awo biyu: a auna hawan jininsa yana kwance, a sake aunawa cikin minti 3 da miƙewarsa. In lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, an kama bakin zaren. Maganin hawan jini na iya jawo haka, musamman mai sa fitsari irin Lasix, balle a watan azumi cikin zafi. Valium da Piriton kuwa kasala suke bari har wayewar gari. Mai ciwon sukari ya sha Daonil bai ci abinci ba, sukarinsa ya faɗi, ga tafin ƙafa ya mutu ba ya jin ƙasa, ga yanar ido. Irin wannan mutum dokin ƙofa kaɗai ya ishe shi, ko gansakukar bakin rariya, ko silifas da ya suɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an ce "ai tsufa ne" an rufe zancen.

Abin da na fi tsoro shi ne karayar ƙugu. Alamarta a fili take: Baba ya kasa taka ƙafar, ta gajarce, yatsun sun juya waje. Kada a ja, kada a murza, kada a tsayar da shi don gwaji. Ƙashin yana can ƙarƙashin tsoka mai kauri, karan ɗori ba ya riƙe shi, kuma karayar kan yanke jinin da ke ciyar da kan ƙashin. Aiki ake yi, an fi so cikin awa 48, a wuri irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In aka bar shi makonni a tabarma, kwanciyar ce ke cinye shi: gyambon baya, ciwon huhu, gudan jini da ke daskarewa a ƙafa ya tafi huhu.

Buguwar kai ma tana da yaudara. Inna za ta tashi ta karkaɗe zani, bayan sati biyu ko uku a ga tana rikicewa, tana yawan barci, a ce ruɗewar tsufa ce, alhali jini ne ke tsiyaya a cikin ƙoƙon kai. Mai shan asfirin ya fi shiga wannan haɗari.

Wanda ya tsira kuma, tsoro kan zaunar da shi, 'ya'ya su hana shi ko zuwa masallaci, cinya ta saki, faɗuwa ta biyu ta fi kusa. Ku gwada shi a gida: ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. In ya kai daƙiƙa 12, a kai shi asibiti a duba idonsa, a tafi da duk magungunansa cikin leda ɗaya. Ya riƙa zama a bakin gado minti ɗaya kafin ya miƙe, tocila na kusa da matashi. Sanda kuwa, mariƙinta ya zo daidai wuyan hannu in yana tsaye, ya riƙe ta a ɓangaren ƙafa mai lafiya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga yadda ake tayar da mara lafiya tsaye washegarin aikin ƙugu.