Yadda Muka Biya Bashin Fanshon Ma'aikata a Wata Masana'anta a Sharaɗa

An ɗauke ni aikin akanta a wata masana'antar kayan roba da ke Sharaɗa, Kano, a daidai lokacin da sammacin kotu ya fara zuwa kamfanin. Kamfani ne na gida ɗaya: mahaifi ya kafa shi, da tsufa ya kama shi sai ya miƙa ragama ga babban ɗansa, sauran daraktocin kuwa ƙanne ne da wani kawu, waɗanda sunayensu ke cikin rajistar hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista amma ba su taɓa zama sun duba lissafin shekara ba. Aikina shi ne in gano nawa ake bin kamfanin, kuma su wa ke bin sa.

Bashin da ya fi nauyi na ma'aikata ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, a tura duka asusun fanshonsa cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. A nan ana cirewa kowane wata, takardar albashi ma tana nunawa, amma kuɗin ba ya barin kamfani, domin da shi ake sayen man dizal da ɗanyar roba duk sanda aka shiga matsi. Haka aka yi da harajin albashi na hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kano. Manajan darakta, wato babban ɗan, ya ɗauki abin a matsayin rance marar ruwa, alhali dokar fanshon ta tanadi tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da aka riƙe ba a kowane wata, wato aƙalla kashi 24 a shekara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutum ne mai gudun bashin banki saboda tsoron riba, amma bai ga aibin juya amanar leburori ba.

Asiri ya tonu ne da wani dattijon mai sarrafa inji ya yi ritaya ya tarar da asusunsa kusan babu komai. Waɗanda suka tsaya masa aka sallame su ba tare da bin ƙa'ida ba, su kuma suka garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Kano. Kowane zama da kuɗin lauya, kowace ɗage shari'a tara na ƙaruwa. Da na kammala lissafi na kai wa tsohon Alhaji, wanda ya kafa kamfanin, gida na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan shari'a ba mu da abin kare kai a cikinta, sulhu ya fi mana arha." Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce a kira taron daraktoci.

Asarar kasuwa ta zarce ta kotu nesa ba kusa ba. Babu takardar shaida daga hukumar PenCom mai kula da fansho, don haka neman kwangilar gwamnatin tarayya ya haramta gare mu. Labari ya kai Sabon Gari, dillalan da ke ajiye kuɗi kafin a buga musu kaya suka ce sai sun ga kaya a mota, masu kawo ɗanyar roba daga Legas kuma suka daina ba da bashi. Ƙwararrun masu inji suka koma masana'antun Bompai da Challawa, sababbin da aka ɗauka suka riƙa fitar da bokitai masu fashewa ana dawo mana da su.

Sai da aka sayar da sito ɗaya kafin a biya waɗanda suka kai ƙara a kuma fara rage bashin fansho kashi-kashi. Muka buɗe asusu na daban da kuɗin fansho da haraji ke shiga ranar biyan albashi, kuma ba a cire ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana mutum ɗaya haɗa shugabancin daraktoci da gudanarwa a kamfanin da jama'a ke da hannun jari. Namu ba ya cikin wannan rukuni, amma muka bi tsarin, kawu ya zama shugaba, ana zama duk wata uku. Takardar PenCom ta dawo bayan an cike giɓin, amma yawancin dillalan Sabon Gari har yanzu sai sun ƙirga kaya suke biya.