Warin fetur da shan mai: abin da na gano a jikin motata

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk mai mota ya koma sa ido a kan gejin mai. Tawa Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Amurka, da na saya a hannun wani. A hunturun da ya wuce abu biyu suka taso mini tare: warin fetur a cikin mota, musamman da safe bayan ta kwana a rufe, da kuma shan mai da ya wuce yadda na san ta. Duk wanda na gaya wa sai ya ce ai abu ɗaya ne, man da ke zuba shi ne ke ƙarewa. Ashe ciwo biyu ne, kowanne da maganinsa.

Na fara da warin, domin shi ne mai haɗari. Tururin fetur ne ke kama wuta, kuma ƙaramin tartsatsi ya ishe shi. Ni kuwa a motar nan nake kai yara makaranta. Na duba robar murfin tanki, lafiya lau. Na leƙa ƙarƙashin mota da safe, ƙasa a bushe. Na buɗe bonet, na tayar da injin, na bi tiyon mai da gindin nozul, wato bakin da ke fesa wa injin mai, da ido da hanci, babu danshi. Sai na lura warin ya fi tsanani ranar da na cika tanki, in mai ya yi ƙasa kuma ya lafa. Wannan ya nuna yoyon daga saman tanki yake.

A irin wannan motar, in ka ɗaga kujerar baya akwai wani faifan ƙarfe, a ƙarƙashinsa ne famfon mai yake. Da muka buɗe a gareji, sai ga ƙura ta jiƙe ta dunƙule kewaye da bakin famfon. Zoben robar da ke toshe wurin ya tsage. Yaron gareji ya ɗauko gam zai shafa, na hana shi, domin fetur yana cinye irin wannan gam ɗin, kuma ɓarɓashinsa na iya faɗawa tanki ya toshe matatar famfo. Aka cire kan batir, aka yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, aka sa sabon zobe. Wari ya ɗauke.

Shan mai kuwa bai ragu da abin a zo a gani ba. Ba da gejin mota na auna ba, don ba ya faɗin gaskiya dalla-dalla. Cika tanki nake yi har bakin famfon gidan mai ya tsaya da kansa, in mayar da ma'aunin tafiya sifili, in na dawo cikawa in raba kilomita da litar da ta shiga. Na canja matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, na daidaita iskar tayoyi da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. An ɗan samu sauƙi, kaɗan.

Fulogi ne suka tona asiri. Da aka kwance su, duka huɗun sun yi baƙi da busasshen kunkunniya, alamar mai ya fi iska yawa. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, in an auna da nauyi. Aka jona na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda motocin Amurka ke zuwa da shi tun 1996, ta fito da lamba P0128: ruwan injin ba ya kai zafin da ya kamata. Nan na tuna allurar zafi kullum a ƙasa take, ko a hanyar Kano zuwa Zariya.

Muka kwance hanyar ruwan injin, babu tamostat sam, wato ɗan murfin da ke buɗe wa ruwa hanya ko ya rufe gwargwadon zafin injin. An cire shi tun kafin motar ta zo hannuna, an kuma haɗa fankar sanyaya injin kai tsaye, ba ta tsayawa. Ogan garejin ya ce, "Alhaji, ai wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan cirewa muke yi." Na ce, "Oga, ka mayar mini da shi, in ta yi zafi ni na ɗauka."

Wannan al'ada tana damuna, don tana ci wa talakawa kuɗi ba su sani ba. Tamostat yana tare ruwa har injin ya kai wajen digiri 82 a ma'aunin Celsius, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. In babu shi injin yana daɗewa a sanyaye, kwamfutar mota kuma ta yi ta ƙara mai kamar yanzu aka tayar da ita da asuba. Rarar man tana baƙanta fulogi, tana wanke bangon silinda, tana tsinka baƙin mai. Motar da ke yin zafi, a duba lagireto da famfon ruwa da fanka. Cire tamostat ɓoye ciwon yake yi.

Aka sa sabo, aka mayar da fanka kan wayarta ta asali, aka canja fulogi da baƙin mai. Yanzu allura tana hawa kusa da tsakiya ta tsaya, fanka ta tashi ta kashe da kanta, ko a cunkoson rana tsaka a watan Afrilu. Lissafin tanki zuwa tanki ya koma yadda na san motar tun farko.