Fulofin Kawu da haruffanmu masu ƙugiya

Satin da ya wuce Kawu ya kira ni gidansa a Rafindaɗi cikin Katsina, ya miƙo min wata leda da fulofi guda huɗu a ciki, wato faifan ajiyar rubutu na kwamfutocin da, ya ce "ɗana, tarihin gidanmu ne da na sa aka buga min tun 2004, ka fiddo min shi a takarda tun ina iya karantawa." Sai da na yi kwana ukku ina yawo kafin na samu wani shagon buga takardu da har yau ke da tsohuwar kwamfuta mai ramin fulofi, Windows XP ce ma a kanta. Biyu sun buɗe. Amma abin da ya fito a allo ya tada min hankali, Ƙofar Ƙaura ta koma Qofar Qaura, ɗan'uwa ya koma xan'uwa, ɓarawo varawo, shafi bayan shafi.

Mai shagon, dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin tafireta, ko a jikinsa. Ya ce "ai fontin Rabi'at ne babu a injin nan, Malam." Shi ya tuna min cewa a wancan lokacin in za ka rubuta Hausa sai ka sa fonti, wato salon zanen haruffa, na musamman, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙira, ka danna q ta fito ƙ, x ta fito ɗ, v ta fito ɓ, tunda dai Hausa ba ta amfani da waɗannan ukkun. Wato kwamfutar har a ranta q ta ajiye, fontin ne kawai ke sa mata rigar ƙ, ranar da takardar ta je injin da babu shi sai asiri ya tonu.

Kuma wallahi dabara ce babba, Allah ya saka musu da alheri, don injinan ba su bar mana wuri ba ko kaɗan. ASCII, tsarin bai wa haruffa lamba a kwamfuta da aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 kacal gare shi, na Turanci da lambobi da alamomi, da IBM ta fito da kwamfutarta a 1981 aka kai 256, to ƙarin ma ya tafi ga haruffan Faransanci da Jamusanci da layukan zana akwati, babu ƙ babu ɗ babu ɓ. Sai da Yunikod, tsarin da ya haɗa haruffan harsunan duniya, ya zo a 1991 kowane harafinmu ya samu lambar kansa, ƙ ita ce 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, amma samun lamba daban, samun fontin da zai zana ta daban, shi ya sa a XP kana sa ƙ a wasu fontin sai ka ga ɗan akwati fanko, dole ka koma Lucida Sans Unicode.

Firinta kuma nata rigimar daban. Dattijon ya nuna min wata Epson mai allura da ke ƙarƙashin tebur ƙura ta rufe ta, ya ce in ta buga da haruffan da ke cikinta to ƙugiya ba ta fitowa, har gara tafireta, ka buga k ka bi da biro ka lanƙwasa mata kai ɗaya bayan ɗaya. Masu cewa a bar ƙugiyar kawai ai za a gane, ni ban yarda ba sam. A rubutun Kawu akwai inda ya ce baƙi sun sauka gidan kakanmu, cire ƙugiyar ka ga baki ya sauka, ƙare ya koma kare. Jikan da ya tashi a Abuja ina zai gane?

Na kwashe rubutun fulofi biyun da suka buɗe a filas na dawo gida, a Word na riƙa musanya q da ƙ, x da ɗ, v da ɓ, manya daban ƙanana daban, in ka buga 0199 ka danna Alt da X tare harafin zai fito. A kula da lambobin Romawa na shafukan gabatarwa irin su xiv, su ma musanyar tana cinye su, sai an bi da ido. Daga nan na maida shi PDF don duk firintar da ya je ya fito daidai.

Jiya bayan la'asar na kai wa Kawu shafuka 61. Ya sa tabarau ya bi sunan kakansa da yatsa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni sauran fulofi biyun. Na ce masa ranar Asabar zan kai su wajen wani mai gyara a Kano mu gwada.